Rawutar Asibitin Anti Luba

Asabar, 13 ga Satumba, 2025

An kawo sabuwa ajinmu na kwamfuta a Ɗambatta. Humaira. Daga Kano suka dawo, wai babanta aka yi wa canjin wurin aiki. Da laftof ɗinta ta zo, nata na kanta, a jaka mai zif biyu. Mu kuwa muna rububin tsofaffin kwamfutocin cibiya.

Ba wata kyakkyawa ba ce can. Hancin ne dai. Sai kuma ɗaurin ɗankwalinta da ba ya zamewa a ƙarƙashin hijabi.

Fatihu ya jawo mata kujera. Ni tun yaushe muke shiga mota ɗaya daga garinmu duk Asabar, ko jakata bai taɓa riƙe min ba. Ɗan Gwaggo Hure ne, taubashina, don haka tsokana ce aikinsa: "Hajiya Soyayya, an kai ina a littafin? Saurayin ya furta, ko har yanzu ta madubin mota yake kallonta?" A gaban kowa fa. Ita kuwa sai "Sannu da zuwa, Humaira," da wata murya da ban san yana da ita ba.

Muryar nake so. Sau ɗaya ma ya isa.

Talata, 16 ga Satumba

Na gwada ɗaurin ɗankwalin. Inna ta ce ko kaina ne yake ciwo.

Asabar, 20 ga Satumba

Malam Yahya ya ba mu aiki, kuma aikin ya ɓata min rana.

Shi ne yake kula da rawutocin wasu makarantu da ƙananan asibitoci a ƙauyukan nan, wato 'yan akwatunan da suke raba intanet, masu ƙyaftun fitilu. Kowace tana da adireshi, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. In ka rubuta shi a burauza sai shafinta ya buɗe, ka ga ko data ta ƙare, ka canza lambar sirri. To ba wanda yake riƙe adireshin. Takardar da ke manne a gindin akwatin ta goge, ko wani ya canza bai faɗa ba. Sai a kira Malam, ya hau babur ya keta gonaki don kawai ya faɗa musu lambobi. Ya ce bayansa ya gaji.

Abin da yake so: 'yar manhaja da Python, wadda za ta nemo adireshin rawuta da kanta a duk kwamfutar da aka sa ta. Ta yi aiki a Windows, ta yi a Linux irin na tsofaffin kwamfutocinmu. Ya ce, "Ban son wadda sai a ɗakin nan take da wayo."

Biyu-biyu za a yi. Waɗanda tasu ta fi, za a je a gwada ta a asibitin garinmu, wurin Anti Luba ƙanwar Inna. In ta yi aiki a can, su biyun za su je Kano baje kolin ayyukan ɗalibai a ƙarshen Oktoba.

Ya haɗa Fatihu da Humaira. Ni na zama saura, wai in fara ni kaɗai tunda ba ni da surutu.

Kano. Mota ɗaya, kujera ɗaya, tun daga Ɗambatta. Duk littafin da na karanta a wayar Inna, a mota abin yake farawa. Ta yi gyangyaɗi, kanta ya karkata, shi kuma ya ƙi motsi don kada ta farka. Na san yadda ake yi. Ni na fi kowa sani.

Laraba, 24 ga Satumba

Na samo dabara ina tankaɗe. Kwamfuta ta san adireshin kanta. Na rawuta kuma kullum iri ɗaya ne da shi, sai dai ƙarshensa 1. To a ɗauki nata, a cire kashin ƙarshe, a sa 1. Shi ke nan. Layi kaɗan.

Na ga kaina a motar. Na ma zaɓi hijabin da zan sa, mai ruwan ƙasa.

Asabar, 27 ga Satumba

Malam ya kunna hotsifot ɗin wayarsa, ya jona kwamfutata da shi, ya ce in gwada. Manhajata ta kawo adireshi mai 1 a ƙarshe da ƙarfin hali. Ba shi ba ne. Na wayar wata lamba ce can daban. Ya ce canke na yi, kuma canke yana dacewa har ranar da zai ƙi. "Ki tambayi kwamfutar, Aina'u. Ta san ta inda take fita."

Fatihu ya ce Hajiya Soyayya duba take yi, a kawo mata ƙasa a faranti. Aka yi dariya. Humaira ba ta yi ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

Tasu tana tambayar kwamfutar ne. A Windows suna sa ta fito da teburin hanyoyinta, su nemi layin da ya fara da sifili huɗu, 0.0.0.0, adireshin rawuta yana gefensa. Ya yi aiki tsaf. A Linux suka maƙale. Humaira ta buɗe fayil ɗin da hanyoyin suke, sai ga wani abu wai 0108A8C0 a inda adireshi ya kamata ya kasance. Fatihu ya ce wannan lalacewa ce, ya fita shan ruwa.

Ni ina bayansu. Ba leƙe nake ba, idona ne ya kai. Sai na ga in an karanta shi bibbiyu daga dama, yadda muke bin allo a zauren Baba, zai zama C0, A8, 08, 01. Da lissafin goma sha shidan da Malam ya koya mana, 192, 168, 8, 1. Adireshin rawutar cibiya ke nan. Na ɗauka a raina na faɗa, ashe ya fito fili.

Ta juyo. "Me kika ce? Don Allah maimaita."

Na maimaita kamar wadda aka kama da nama a hannu. Ta rubuta, ya yi. Fatihu ya dawo ya gani ya ce, "Gaskiya Humaira kin iya." Ta ce ba ita ba ce, Aina'u ce. Amma a lokacin ya riga ya duƙa yana kallon allon, bai ji ba. Ko ya ji. Ita ma ai ba ta ɗaga murya ba sosai.

Da hannuna na ƙara mata. Da bakina.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na sake karanta wurin da yarinyar ƙauyen ta shiga falo kowa ya yi shiru. A littafi ta ƙauyen ce take da dara-daran idanu, ta birnin kuma sai baƙin hali. Na duba, na duba, ban samo wa Humaira baƙin halin ba tukuna. Yana nan dai.

Alhamis, 2 ga Oktoba



Inna ta aike ni da abinci wurin Anti Luba a asibiti. Laftof ɗin aikinsu yana kan tebur, a jikin sola, shi kaɗai ne abu mai wuta a unguwar da rana. Wayarta tana jone da shi da kebul. Na ɗauka caji ne kawai. Ta ce caji ne da data: rawutar asibitin takan yi nauyi in za ta tura rahoton rigakafi, sai ta kunna rabon data ta kebul ɗin, wayar ta taimaka. Ba ta kashewa. Haka yake wuni.

Da ta tafi wanke hannu na buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni, na rubuta abin da su Humaira suke rubutawa. Layin sifili huɗu guda biyu ne. Ɗaya na waya, ɗaya na rawuta. Na wayar ne a sama.

Na ga kod ɗin Humaira ran Asabar, wato rubutun manhajarta. Da ta samu layin farko take tsayawa. A cibiya ba wanda yake jona kwamfuta da hanya biyu, a gidansu na Kano ma na tabbata wuta ba ta sa su caji a jikin laftof. Ranar gwaji manhajarta za ta kawo adireshin wayar Anti Luba, a danna, shafin rawuta ya ƙi buɗewa, Malam yana tsaye.

Ba Kano ke nan. Ba mota.

Ni ban yi komai ba. Ba ni na jona wayar ba, ba ni na rubuta kod ɗin ba. Shiru kawai zan yi, kuma kowa ya san shiru halina ne.

Na dawo gida ina tsallake kunyoyin gyaɗa kamar yarinya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Tasu Malam ya zaɓa, dama an sani. Gwaji Asabar mai zuwa.

Humaira ta miƙo min cincin a leda, ta ce mamanta ce ta yi. Na ce na ƙoshi. Ta ajiye a gefen kibod ɗina ta tafi. Ta kuma nemi lambata, na ba ta ta Inna.

Cincin ɗin ya yi sukari da yawa. Na cinye a mota.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na tambayi Anti Luba ko ran Asabar ma wayarta za ta kasance a jikin laftof. Ta ce, "To a jikin me zan sa ta, a jikinki?" Ta tambayi dalili. Na ce haka kawai.

Tuwon yau bai wuce min da daɗi ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

An fara cirar gyaɗa, duk mazan gidan Gwaggo suna gona. Fatihu ya biyo da yamma ya kawo wa Inna ɗanya a buhu, ƙafarsa duk ƙasa. Na shige ɗaki, na fito, na sake shigewa. Ya ce da Inna wai me ya sa matarsa take ɓuya, ko ta ƙona miya ne. Inna ta ce ya je ya wanke ƙafa tukuna kafin ya yi maganar mata.

Wasan taubasai ne, na sani. Tun muna yara yake faɗa. Ni ce dai nake ɗauka in ajiye.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce in yi musu addu'a. Wai bai taɓa shiga inda ake irin wannan taron ba, an ce akwai ɗaki guda cike da kwamfutoci sababbi, kowa da tasa. Ya faɗa ba dariya. Ban taɓa ganin yana son abu haka ba.

Ɗakin yake so ko wadda za ta zauna kusa da shi a ɗakin, oho.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi sai ga Humaira a ƙofar gidanmu, ɗan acaɓa ya sauke ta, da jakar nan mai zif biyu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Wai so take ta gwada manhajar a laftof ɗin asibiti kafin Asabar, Fatihu yana gona, ni kaɗai ta sani a garin. Inna ta ce in raka ta mana, me nake tsaye ina kallo.

Muka kama hanya. Na ce shi ke nan, za ta gani da kanta.

Muka tarar Anti Luba ta tafi rigakafi wata ruga, da wayarta. Laftof ɗin yana zaune shi kaɗai, ba kebul. Abokiyar aikinta ta bar mu muka sa manhajar. Layi ɗaya. Adireshin rawuta ya fito, aka danna, shafi ya buɗe. Humaira ta ce alhamdulillahi, ta riƙe hannuna, wai daren jiya ko barcin kirki ba ta yi ba.

Ko a littafi ban taɓa ganin an shirya wa mutum abu haka ba. Ta gwada da kanta, ta gani da idonta. Ran Asabar ba mai cewa na sani.

Na raka ta bakin hanya. Acaɓa ya ƙi zuwa, duk suna ɗaukar buhunan gyaɗa. Muka tsaya a inuwar darbejiya. Ta ce wane littafi ne Fatihu yake tsokanata da shi. Na faɗa mata a daƙile. Ashe ta karanta, a ɓoye, babanta ba ya so. Ta ce saurayin ya cika kallo ba magana, da ita ce da tuni ta sauka daga motar. Na yi dariya ban shirya ba.

Sai ta ce, "Ke kin ji daɗi. Ana tsokanarki. Ni tunda na zo kowa sai ya gyara murya in zai min magana, kamar za a gaida Hajiya a asibiti."

Muryar da nake kwana ina so ce take faɗa wa haka.

Can sai ga Anti Luba a bayan babur da akwatin allurarta. Ga kuma wani ɗan acaɓa ya tsaya, Humaira har ta ɗaga ƙafa. Na ji an ce, "Dawo." Ni ce. Wallahi ban aiki bakina ba.

Muka koma. Na ce Anti ta jona wayarta yadda ta saba. Na ce Humaira ta sake gwadawa. Adireshin waya ya fito, ta danna, fari fat, ba shafi. Ta daɗe tana kallon allon. Ta juyo ta ce tun yaushe na san haka.

Na ce yanzu na tuna.

Ta kalle ni. Na kalli takalmina. Ta ce, "To matso."

A bencin baranda muka wuni. Muka cire tsayawar nan, manhajar ta kwaso duk layukan da ta samu, ba na farko kawai ba. Sai matsalar wanne ne na rawuta a ciki, don Anti Luba ta ce kada a jera mata lambobi a ce ta zaɓa, ita ba boka ba ce. Na ce a ƙwanƙwasa wa kowane adireshi, wanda ya amsa da shafi shi za a sa a sama. Humaira ta ce haka ake yi, ta san yadda za a rubuta. Yatsunta suna da sauri, amma tana yawan mance ɗigo biyun ƙarshen layi. Ni nake nuna mata. Anti ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa, ɓawon ya shiga kibod, muka juya laftof ɗin muna kakkaɓewa.

Kafin la'asar ta yi. Da waya, ba waya, duka.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na cuci kaina. Na ɗauki motar na wanke na ba su.

Asabar, 11 ga Oktoba

An yi gwajin. Wayar Anti tana jone. Adireshi biyu suka fito, na rawuta a sama, shafi ya buɗe. Malam Yahya ya cire kebul ya mayar, ya sake cirewa, yana murmushi. Ya ce shi kansa bai kawo wannan ba, wa ya tuna? Humaira ta ce Aina'u. Yau da ƙarfi ta faɗa, har masu jiran awo suka juyo.

Malam ya ce za a sa sunana a jikin aikin. Amma mutum biyu aka ba cibiyarmu, kuma ya riga ya tura sunaye.

Fatihu ya ce ashe Hajiya Soyayya tana karanta wani abu bayan "ya kalle ta, ta kalle shi." Da muryarsa ta kullum. Na jira ɗayar, ba ta zo ba.

Na ce masa ya je ya wanke ƙafa. Ban taɓa rama masa a gaban mutane ba. Humaira ta toshe baki da hijabi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Datar da Inna ta sa min ta littafi ta ƙare a karatun yadda sauran kwamfutoci suke faɗin hanyoyinsu. Ban san akwai iri da yawa haka ba. Littafin yana nan inda na bar shi, suna cikin motar har yanzu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na makara, motarmu ta tsaya ɗaukar awaki. Na shiga na tarar Asiya ta ajinmu a kujerar da ke kusa da Humaira, suna kallon wani abu a laftof suna dariya. Asiya da ko buɗe baƙin allo ba ta iya ba.

Ba kujerata ba ce, ba a rubuta sunana ba. Na zauna a baya. Da aka tashi Humaira ta ce me ya sa na yi nisa. Na ce zafi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Gobe ne baje kolin Kano. Gwaggo ta goge wa Fatihu shaddarsa ta sallah. Na yi niyyar gobe in kwanta da littafi in yi baƙin cikina a tsanake.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ban samu na yi ba.

Wajen azahar wayar Inna ta yi ƙara ina tsinke gyaɗa. Humaira ce ta rubuto: ɗaya daga cikin alƙalan ya ce a gwada a tasa kwamfutar, mai tambarin tuffa, manhajar ba ta fito da komai ba. An ba su ɗan lokaci. "Aina'u me zan yi."

Ni ta tambaya. Tana tsakiyar Kano, ga Malam, ga ɗaki cike da mutane.

Sabis ya ɗauke. Na hau turmi a gindin katanga inda yake kamawa, Inna tana cewa zan karya wuya. Na tuna abin da na karanta ran Laraba. Na rubuta mata ta sa netstat -rn, irin wannan kwamfutar ba sifili huɗu take rubutawa ba, ta nemi layin da ya fara da default, adireshin yana gabansa. Na tuna mata ɗigo biyu.

Shiru. Ina kan turmi, ƙafata ta yi sanyi, kaji suna cin gyaɗar da na bari.

Sai ga hoto. Allon kwamfutar, adireshin a sama, shafin rawuta a buɗe. A ƙasan kod ɗin sunaye uku, nawa a tsakiya. Na buɗa hoton ina duba yadda ta ƙara layukan, ta yi su da kyau, sai dai ni da a sama zan sa su. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan ba hular Fatihu ba ce a gefe?"

Ita ce. Ban lura ba. Hasken rana ne a kan gilashin wayar.

Na uku suka zo. Ban tambaya yadda aka zauna a mota ba, mantawa na yi, zan tambaya.

Ta sake turo wani hoton bayan an tashi. Wata yarinya ce mai tabarau ta dafa kafaɗarta, suna dariya, kamar sun shekara da sanin juna. Ban san ta ba. Wai daga wata makaranta a Bichi.

Asabar zan fita da wuri. Ba don komai ba, motar farko ba ta tsayawa ɗaukar awaki.